Wa Zai Riƙe Fis?

A duk layin, da Injiniya ake kiransa, alhali ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba. Mai gyaran wutar lantarki ne, mai jakar fata ɗaya da tsani ɗaya, da bakin da ba ya gajiya. In ya hau tsani a gidanka, kafin ya sauko sai ya gaya maka laifin wanda ya ja maka waya da laifin wanda ya koya masa aikin, sannan ya kushe shayin da ka ba shi bayan ya shanye shi tas. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama domin tana koyarwa a firamaren bayan layi, takan ce da surutu na kawo wuta, da gidansu bai taɓa ganin duhu ba.

Amma akwai abu guda da ba ya wasa da shi. Kafin ya taɓa kowace waya, sai ya je akwatin da ke gefen mita ya zare fis, ɗan tangaran ɗin nan da in an cire shi wutar gida duka take mutuwa. Ba ya ajiye shi a kan taga, ba ya ba mai gida ya riƙe masa. Aljihun gaban rigarsa yake sa shi, ya daddaɓa aljihun da tafin hannu, sannan ya hau tsani. Ko ƙwan fitila zai canza sai ya yi haka. Mutane su yi ta yi masa tsiya, wai Injiniya matsoraci, shi kuwa ko a jikinsa.

Malama ta san dalili. Yana saurayi ya koyi aiki a hannun wani dattijo. Wata rana dattijon na kan tsani a wani kanti, ya zare fis ya ɗora a kan kanta. Mai kantin ya dawo ya tarar firij ɗinsa ya yi shiru, ya ga fis a ajiye, ya ɗauka ya mayar. Bai yi da mugunta ba, bai ma san akwai mutum a bayan kanti ba. Injiniya ne ke riƙe da ƙafar tsanin ranar. Bayan an yi jana'iza ya koma kantin ya roƙi fis ɗin, aka ba shi, kuma tun daga ranar yana cikin jakarsa naɗe a tsumma. Maganarsa ɗaya ce ga duk wanda ya tambaya: wanda hannunsa ke kan waya, shi ke riƙe fis.

To, wannan mutumin ne ya yi shiru.

Ba mutuwa aka yi masa ba, ba asara ya yi ba. Abin da ya fi ci wa Malama rai ke nan, domin kowa ya zo dubiya sai ya tambaye ta, “Me aka yi masa?” kamar ita ta ɓoye dalilin a ƙarƙashin gado. Da fari barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan ya fara cewa masu kira su nemi wani. Sai tsani ya kwanta a bayan ɗaki har ya fara tsatsa. Ya zauna a kujerar falo yana kallon bango, fankar sama tana wani ƙara-ƙara mai ban haushi a kansa, ƙarar da a da ba zai bar ta ta kwana ba. Malama ta miƙa masa shayi, ya riƙe har ya huce, bai sha ba, bai kushe ba. Wallahi ta yi kewar kushen nan kamar me.

A asibiti aka ce ciwon damuwa ne, mai tsanani. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce sai an yi haƙuri, ba sa aiki a kwana ɗaya. Suka yi haƙuri. Magani na farko ya sa shi barcin rana da bushewar baki. Aka canza. Na biyu ya sa masa rawar hannu, kuma ka ga mai aikin waya da rawar hannu, an ƙara wa ciwo gishiri ke nan. Aka sake canzawa, aka haɗa masa biyu, aka ƙara yawa. Ba a tsaya kan ƙwaya kaɗai ba. Ya riƙa zuwa zama da wata mai ba da shawara, wadda ke koya wa mutum yadda zai kama mugun tunani tun bai yi jijiya ba. Ta ce ya riƙa fita tafiya da hantsi ya sha rana, Malama ta riƙa jan shi har bakin titi kafin ta wuce makaranta. Wasu wannan yana ɗaga su, kuma Malama ta ga waɗanda ya ɗaga a bencin jira. Shi dai nata mijin kamar ana zuba ruwa a kwando. Shekara ta zagayo, ta sake kamo hanyar zagayowa.

Ranar da abin ya kai maƙura, Malama ta dawo da wuri domin an tashi yara kafin azahar. Tana tura ƙofa ta hango shi zaune a ƙasa a kusurwar falo, jakar fata a buɗe a gefensa. Ya kwance murfin soket, wayoyi sun leƙo tsirara. Zuciyarta ta yi tsalle don murna. Ya ɗauki kayan aiki! Har ta buɗe baki za ta yi masa kirari.

Sai ta ji fanka. Tana juyawa a sama, tana ƙararta. Ƙwan falo a kunne. Firij na gurnani a kicin.

Ta dubi aljihun rigarsa. A shafe yake, ba komai a ciki.

Ba ta yi ihu ba, kuma har yau ba ta san wa ya ba ta wannan hankalin ba. Ta ja da baya a hankali, takalmi a ƙafa, jakar littattafai a kafaɗa, ta fita zuwa akwatin mita. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa sa hannu a cikinsa ba. Ta kama tangaran ɗin da hannu biyu ta fizge. Gidan ya yi tsit, fanka ta riƙa rage gudu har ta tsaya.

Daga ciki muryarsa ta fito, a kwance, ba faɗa.

“Wa ya ce ki cire?”

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. “Maigida, mantawa ka yi?”

Ya daɗe yana kallon wayoyin. “Ban manta ba,” in ji shi.

A ranar aka kwantar da shi a asibiti. Cikin mako ya daina taɓa abinci, ruwa ma sai da lallashi, har aka sa masa ƙarin ruwa a hannu. Zoben azurfar da ke yatsansa ya fara zamewa da kansa.

Likitar da ke duba shi mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta girmi 'yarsu Auta da shekaru da yawa ba, amma ba ta kwana-kwana a magana. Ta kira Malama ofis tare da Yaya Babba, wan Injiniya, tsohon direban babbar mota mai murya kamar hon.

“Mama, zan gaya miki gaskiya,” in ji Likita. “Akwai masu wannan ciwo da ƙwayoyi ba sa kama su. Ba laifinsa ba ne, ba naki ba ne. Amma magani bai ƙare a ƙwaya ba. Akwai wata na'ura mai maganaɗisu da ake ɗora wa mutum a gefen kai yana zaune ido biyu. Tana taimakon wasu, sai dai tana cin makonni kafin a ga alama, kuma Baba ba ya ci ba ya sha. Ba mu da wannan lokacin. Abin da nake ganin ya fi dacewa da shi yanzu shi ne maganin wutar lantarki.”

Yaya Babba ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. “Maganin me? Ku jona ƙanena da wuta? La'ilaha illallahu! Ke yarinya, kin san sana'ar mutumin nan kuwa?”

“Na sani, Baba. Zauna ka ji.” Ta jira ya ɗaga kujerar. “Ba yadda kake gani a ranka ba ne. Ana yi masa allurar barci, ana yi masa wata da ke sake jijiyoyi don kada jiki ya fizga. Sai a ɗora masa wasu 'yan faifai a kai, a saki wuta kaɗan, ba ta wuce ƙiftawar ido da bismillah ba. Tana sa ƙwaƙwalwa ta yi 'yar jijjiga ta wuce. Ba zai ji komai ba. Ana maimaitawa sau biyu ko uku a mako har na wasu makonni. Da yawa daga cikin waɗanda ƙwaya ta gaza a kansu suna tashi da wannan. Ban ce duka ba.”

“Illarsa fa?” in ji Malama.

“Ciwon kai. Ruɗewa in ya farka. Da mantuwa, musamman abubuwan da suka faru a 'yan watannin nan. Yawanci suna dawowa, wasu kuma ba sa dawowa. Ba zan ɓoye miki ba. Kuma ba za mu yi ba sai da yardarsa, domin har yanzu yana gane abin da ake gaya masa.”

A baranda Yaya Babba ya tare ta. “Matar ƙanena, ki ji tsoron Allah. Mutum ya yi rayuwarsa duka yana gudun abu, yau ya kwanta ba ƙarfi ki miƙa shi gare shi? In ya tashi bai san sunansa ba, me za ki ce wa dangi?”

Ba ta gaya masa abin da ta gani a falo ba. Likita kaɗai ta gaya wa. Yaya Babba mutum ne mai son ƙanensa, amma cikinsa ba ya riƙe magana, kafin la'asar duk layi ya ji. Ta haɗiye, ta ce, “Yaya, in na bar shi haka ma, me zan ce wa dangi?”

Aka gaya wa Injiniya. Ya saurara idonsa a kan silin, ya ce, “A'a.”

Kwanakin da suka biyo baya Malama ta yi duk irin wayon da ta iya. Ita fa malama ce, ta saba da yaron da ya ƙi karatu. Ta ce masa wutar kaɗan ce, ba ta kai ta kunna ƙaramin ƙwan fitila na daɗewa ba. Ya ce a'a. Ta ce ba zai ji zafi ba. Ya ce ya ji. Ta kawo Auta da jaririnta, aka ɗora masa jikan a ƙirji, ya dubi yaron kamar ɗan maƙwabta. Ta yi lallashi, ta yi kuka, rannan har ta yi faɗa, ta ce masa matsoraci, kalmar da ba ta taɓa jifansa da ita ba ko da mutanen layi ke yi. Ta fita baranda ta ciji yatsa don nadama. Duk a zatonta tsoron wuta yake, don haka duk maganarta a kan wuta take. Shi kuwa kullum ƙara shigewa katifa yake yi, leɓɓansa sun tsattsage, nas ta fara neman jijiya a bayan hannu domin ta gwiwar hannu ta ɓuya.

Wata safiya tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ta gaji da dabara, ta ce, “Ni dai ban gane ba. Mutumin da ya zauna gaban waya tsirara, wuta a kunne, shi ne yau yake tsoron wutar asibiti?”

Ta faɗa ne don ɓacin rai, ba ta sa ran amsa ba. Sai ya juyo da ido ya dube ta, karo na farko cikin kwanaki.

“Ba wutar ba ce, Malama.”

“To mene ne?”

“Ina barci. Kaina a kan layin wuta. Wani na tsaye da hannu a kan makunni.” Ya ƙura mata ido. “Wa zai riƙe fis?”

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Kai, ita da ta kwana ta tashi da mutumin nan tun tana budurwa, ita da ta san labarin kantin nan kamar tana wurin! Ta yi ta bugun ƙofar da ba ita ba, alhali ga ta gaskiyar a buɗe a gabanta. Ta tashi ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi ofishin Likita.

Likita ta saurari labarin dattijo da tsani har ƙarshe, sannan ta biyo ta ɗakin, ta ja kujera ta zauna daidai kan Injiniya.

“Baba, na'urata ba ta da fis ɗin da zan zare in ba ka. Maɓallin a hannuna yake, kuma kai kana barci. Wannan gaskiya ce, ba zan canza maka ita ba. Abin da zan iya shi ne wannan. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi. Zan nemi izini ya shiga ɗakin ya tsaya inda zan gan shi. Ba zan taɓa maɓallin ba sai ya ce mini to. Ranar da ya ce a'a, ko kai ka ce a'a kafin a yi maka allura, an fasa.”

Malama ta ƙi kallonsa, tana tsoron kada idonta ya matsa masa.

“A kawo mini jakata,” in ji shi.

Gaban Malama ya faɗi, domin ta san abin da ke cikin jakar nan, filaya da sukudireba da wuƙar fere waya. Likita ma ta gane. Ta ce, “Me za a ɗauko maka a ciki, Baba?”

“Akwai tsumma a aljihun gefe.”

Auta ce ta kawo da rana. Injiniya ya warware tsumman. Tsohon fis ne, tangaran ɗinsa ya yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya ɗan ɓantare. Ya riƙe shi a ƙirji har Malama ta ɗauka ba zai rabu da shi ba. Sannan ya kamo hannunta ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

“In kin ga ana ƙona ni, ki tsayar.”

Ranar farko aka sa mata riga da hula irin na ma'aikata, aka tsayar da ita a jikin bango. Ɗakin ƙarami ne, fari fat, mai sanyi. Na'urar da ake ta tsoro ba ta fi rediyon kan tebur girma ba. Mai allurar barci ya ce wa Injiniya ya yi numfashi, kafin ya ja na uku idonsa ya rufe. Aka sa masa roba a baki, aka shafa masa wani abu a gefen goshi, aka ɗora faifan. Kowa ya gama nasa ya ɗago. Likita ta juyo ta dubi Malama.

Sai a lokacin ta san nauyin abin da aka ba ta. Da, ita mai roƙo ce, mai cewa a yi. Yanzu in aka yi, ita ta yi. Ga shi kwance, bakinsa a buɗe, gashin gemunsa ya yi furfura a shekara biyun nan, ya yarda da ita kamar yadda dattijon nan ya yarda da kantar mai kanti. Gefen fis ɗin da ya ɓantare yana cizon tafinta. Ba wanda ya ce ta yi sauri, kuma wannan ya fi komai tsanani.

Ta tuna fanka tana juyawa da aljihu a shafe.

“To,” in ji ta.

Na'urar ta yi ɗan kuka. Fuskarsa ta tsuke. Yatsun ƙafarsa ɗaya suka riƙa motsi a ƙarƙashin zane, kamar mai bin kiɗa, suka yi ta yi har ta ce a ranta ba za su daina ba. Suka daina. Shi ke nan. Ta buɗe hannunta ta ga jini kaɗan a tafi.

Da ya farka bai san inda yake ba. Ya riƙa waige-waige yana tambaya ko an sauko da maigidansa, dattijon nan, daga kan tsani. Yaya Babba na bakin ƙofa, ya ji da kunnensa, ya dafe kai ya fita yana salati. Bayan ɗan lokaci hankalinsa ya dawo, ya gane ta, ya ce kansa na ciwo, ya koma kallon silin.

Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ba abin da ya canza sai mantuwa. Auta ta shigo da jaririnta, ya dube ta ya ce, “Ɗan wa kika ɗauko?” Yarinyar ta juya ta fita da gudu, kukanta na tashi a baranda. Yaya Babba ya shigo kamar zai ci mutum.

“Kin gani? Kin gani ko? Jikansa fa! Sun ƙona masa kai kamar tsohuwar waya, ke kuma kina tsaye kina ce musu to. An ce in kin ce a'a an fasa. To ki ce! Me kike jira, sai ya manta ke?”

Wannan maganar ta shige ta, domin ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan. Mece ce ƙuna, in ba wannan ba? Ta je wa Likita. Likita ta ce irin mantuwar da ta faɗa ce, za ta sauya inda take ɗora faifan don a rage ta, kuma sau da yawa ba a ganin sauƙi sai an ɗan yi nisa. “Amma ban yi miki alkawari ba, Mama. Kina iya tsayarwa.” Ta koma wurin mijin ta tambaye shi ko a ci gaba. Ya ce, “Na ce miki yana hannunki.” Gaba kura, baya sayaki. In ta tsayar, ga silin da ƙarin ruwa da waya tsirara suna jira. In ta ci gaba, wa ya san me zai rage na mutumin da ta aura?

Da safiyar ranar da za a yi na gaba ta tsaya a jikin bangon nan, Likita ta dube ta, Malama ta daɗe fiye da ranar farko. Ta ce to. Ta fito ta shiga banɗaki ta yi amai.

Sauƙin bai zo da ganga ba. Wata rana nas ta ce ya sha rabin kofin ruwa da kansa. Wata rana ya ci biredi. Ya tambayi Auta sunan yaron, aka gaya masa, ya maimaita, washegari bai sake tambaya ba. Aka cire ƙarin ruwa. Da aka yi nisa Likita ta ce ya koma gida, ya riƙa zuwa sauran daga can, ya ci gaba da zama da mai ba da shawara da tafiyar hantsi, domin ciwon nan yana iya waiwayowa in aka saki jiki. Yaya Babba ne ya kawo mota ya ɗauke su, bai ce komai ba duk hanya, sai hanci da yake ta ja yana cewa mura ce.

Malama dai ba ta saki jiki ba. Cin abinci ba shi ne son rayuwa ba, ta ga ya ci abinci a da ma. Jakar fata tana kulle a cikin akwatin kayanta, makullin a ɗaure a bakin zanenta.

Ranar wata Asabar da hantsi ta kawo masa shayi a falo. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

“Wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?”

Ta tsaya da faranti a hannu. Ya sake kurɓa, ya ɗaga kai sama.

“Kuma tun yaushe fankar nan take wannan kukan? Ku a gidan nan ba ku da kunne ne? Waya ce ta saki a ciki. Ina jakata?”

Ga abin da take jira, ga kuma abin da take tsoro, sun zo a jumla ɗaya. Ta ce bari a kira wani. Ya ce wane wani, duk layin nan wa ya iya ɗaure waya in ba masu lalata gidajen mutane ba? Ta shiga ɗaki, ta kwance makullin. Ta kawo jakar ta ajiye a gabansa. Ya jawo tebur zuwa ƙarƙashin fanka, ya gwada ƙarfinsa da hannu, ya zaro sukudireba. Fanka na juyawa. Ƙwan fitila a kunne. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera.

Malama ta kafe a bakin ƙofa. Ta ƙudura ba za ta tuna masa ba. In ta tuna masa, ba za ta taɓa sanin amsar ba. Amma ƙafarta ɗaya ta riga ta juya wajen mita.

Ya sauke ƙafar. Ya ratsa ta gefenta ya fita, tana jin takunsa a kan siminti, ta ji ƙarar murfin akwati. Gidan ya yi tsit. Ya dawo yana tura abu a aljihun gaban riga, ya daddaɓa aljihun da tafin hannu.

Ta zame ta zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti.

“Ke kuma lafiya?” in ji shi. Ya koma kan jakarsa yana lalube a aljihun gefe, ya zazzage ta a kan tebur. “Wa ya taɓa mini kaya? Akwai tsumma a nan. Fis ɗin maigidana, wa ya ɗauka?”

Ta share fuska da bakin mayafi, ta kwance ɗaya gefen zanenta ta fito da shi.

“Me yake yi a wurinki?”

“Kai ka ba ni.”

“Ni?” Ya dube ta, ya dubi tangaran ɗin. Ta ga yana nema a cikin kansa, ta ga bai samu ba. Wannan ranar tana cikin waɗanda ba su dawo ba. “Ni da hannuna na ba wani fis?”

“Da hannunka. Ka ce in na ga ana ƙona ka in tsayar.”

“Kika tsayar?”

“Ban tsayar ba.”

Ya dubi ɗan tabon da ke tafin hannunta. Ta miƙa masa fis ɗin. Ya kai hannu kamar zai karɓa, sai ya naɗe yatsunta a kai.

“Jibi akwai asibiti, ko ba haka kika ce ba? To riƙe, ba a gama aiki ba.” Ya juya ya dafa tebur. “Tashi ki kama mini kujerar nan, ƙafarta ɗaya rawa take.”